Gasa Talotalo a Amurka: Gangar Suya Marar Mai ko Murhun Hayaƙi?

Duk ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba Amurkawa suna bikin Ranar Godiya. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da ita hutun ƙasa baki ɗaya a 1863, a 1941 kuma majalisar dokoki ta tsayar mata da wannan rana. Abincin bikin talotalo ne, guda sukutum a tsakiyar tebur. Matsalar da kowane gida yake fuskanta ita ce tanderun kicin ɗaya ne, ga dankali, ga burodi, ga kayan zaƙi duk suna jiran layi, shi kuma talotalo idan ya shiga sai ya cinye awa uku ko huɗu shi kaɗai. Wannan ne ya sa magidanta da yawa suke fitar da shi bayan gida su gasa a fili. Daga nan gardamar take tasowa tsakanin masu gangar suya marar mai da masu murhun hayaƙi. Na yi aiki da duka biyun a shekarun da na yi a ƙasar, kuma ina ganin yawancin masu gardamar ba su tsaya sun dubi naman da suke magana a kansa ba.

Talotalon da ake sayarwa a kantunan Amurka ba irin wanda yake kiwo a tsakar gida ba ne. Fari ne mai faffaɗan ƙirji, an yi ta zaɓen irinsa shekara da shekaru don ya tara tsoka a gaba, kuma jihar Minnesota ce kan gaba wajen kiwonsa. A jikinsa akwai nama iri biyu da ba sa jituwa a kan wuta. Ƙirji fari ne, ba kitse, ba jijiya, da zarar ya wuce lokacinsa sai ya bushe ya zama kamar ana tauna auduga. Cinya kuwa jan nama ce mai jijiyoyi, ba ta yin laushi sai zafin cikinta ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyos. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce kada a ci naman tsuntsu sai cikinsa ya kai digiri 74, wato 165 a ma'aunin Faranhait da suke amfani da shi a can. Ƙirji yana isa wannan matsayi cinya ba ta gama ba, idan ka jira cinya kuma ƙirji ya lalace. A kan wannan sai ka ƙara abu na uku, wato fata, wadda take son zafi mai ƙarfi kafin kitsen da ke ƙarƙashinta ya narke ta yi rumus. Duk wata na'urar gashin talotalo, ko nawa aka saye ta, waɗannan abubuwa uku take ƙoƙarin sasantawa.

Ita gangar marar mai ba za a gane dalilin ƙirƙiro ta ba sai an san abin da ta zo ta gada. A kudancin Amurka, musamman jihar Louisiana, an saba tsoma talotalo ɗungurungum cikin tukunyar man gyaɗa mai tafasa, galan uku zuwa biyar, a zafin digiri 175 ko kusa da haka. Laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, minti uku zuwa huɗu ne, saboda haka talotalo mai laba 12 bai cika awa guda ba ya soyu. Daɗin ba a magana. Amma haɗarin ma ba a magana. Idan akwai sauran ƙanƙara a cikin tsuntsun, ruwan yana taɓa man sai ya rikiɗe ya zama tururi nan take, kuma tururi yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga gare shi. Man sai ya yi ambaliya ya zubo kan harshen wutar gas da ke ƙasa. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana jan kunnen mutane game da wannan tukunya, kuma ta ce babu ranar da gobarar girki take tashi a gidaje kamar Ranar Godiya. Ga tsadar man, ga neman inda za a kai shi bayan an gama.

Sai kamfanin Char-Broil, wanda ke birnin Columbus na jihar Georgia, ya fito da wata ganga da ya sa wa suna The Big Easy, yana tallata ta a matsayin tukunyar suya da ba ta buƙatar mai. A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin sunan yana ɓatar da mutane. Babu suya a cikinta ko kaɗan. Suya ita ce mai ya kewaye nama ya kai masa zafi, inda babu mai kuwa gashi ake yi. Gangar bango biyu gare ta, na waje da na ciki. A ƙasa tsakanin bangon biyu akwai zoben wutar gas. Wutar ba ta taɓa naman, bangon ciki take gasawa har ya yi jau, shi kuma ya riƙa feso zafi ta kowane ɓangare zuwa ga talotalon da ke tsaye cikin kwandon waya a tsakiya. Irin zafin nan ne da kake ji a fuskarka idan ka zauna kusa da garwashi da sanyin asuba, iska tana da sanyi amma goshinka yana ɗumi. Masana suna kiransa zafin infirared. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kafa tsire a kewaye da wuta a kan tukuba ya riga ya san dabarar, sai dai a nan an juya ta, nama ne a tsakiya, zafi a kewaye.

Saman gangar a buɗe yake, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tururin da yake fita daga naman ba ya taruwa, sama yake yi ya tafi, saboda haka fatar tana bushewa da wuri ta fara yin ja. Launin nan da ƙamshin gashi suna fitowa ne daga wani haɗuwa tsakanin sukari da sinadaran furotin na jikin nama, wanda wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912, kuma ba ya kankama sosai sai zafin saman naman ya haura digiri 140 kuma wurin a bushe. Gangar tana ba da duka biyun. Lissafin da aka saba yi shi ne minti goma ga kowace laba, wato talotalo mai laba 12 zuwa 14, kilo biyar da rabi zuwa shida da ɗoriya, zai ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi. Maiƙon yana ɗiga ta wata ƙofa a ƙasa zuwa cikin faranti, a kwashe a yi romo da shi.

Ranar da na fara amfani da ita, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun. Na shafe tsuntsun da mai kaɗan da gishiri da yaji, na tsayar da shi cikin kwandon ƙafafu a ƙasa, na zura shi da ƙugiyar da take zuwa tare da gangar. Bayan minti ashirin sai ƙarar ɗigar kitse, tsit, tsit, a kan faranti. Da na leƙa a awa ɗaya, kafaɗun sun yi ruwan zuma, fatar ta ɗame ta yi sheƙi. Ban juya shi ba, ban ƙara gawayi ba, ban yi komai ba sai jira. Da na fito da shi na ƙwanƙwasa ƙirjin da bayan wuƙa, sai ya amsa kamar busasshiyar ƙwarya.

Tana da nata iyakoki, kuma masu tallarta ba sa son faɗa. Samfurin da aka fi saye ba ya ɗaukar abin da ya wuce laba 16, kuma ko wanda ya kai hakan, idan fukafukansa suka kusanci bango sai su ƙone, sai an ɗaure su da zare. Ba ka da iko sosai a kan zafin, kusan kunnawa ne da kashewa. Iska mai ƙarfi da sanyin Nuwamba suna satar zafi ta buɗaɗɗen bakin, shi ya sa take zuwa da murfin raga da ake ɗorawa idan ana sanyi ko ana son saman ya ƙara ja a ƙarshe. Ƙasan gangar da samanta ba sa gasawa daidai wa daida. Duk wani kayan shafi mai sukari ko zuma zai yi baƙi ƙirin tun naman bai nuna ba, kuma na ga yajin ƙuli ma yana saurin ƙonewa a ciki, gara a barbaɗa shi bayan an yanka. Babban abin da ba ta da shi kuma shi ne ɗanɗanon itace. Gas ba ya ba nama ƙamshin komai. Abin da ka shafa, shi za ka ci.

Wannan ɗanɗano shi ne dukan hujjar masu murhun hayaƙi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai kada a ɗauka banda ce irin wadda ake yi wa kifi ko nama don ya daɗe bai lalace ba. Banda busarwa ce. Abin da Amurkawa suke yi dafawa ce da zafi mai sauƙi, a rufe, hayaƙi yana ratsawa, a ci a ranar. Murhun iri-iri ne. Akwai mai akwatin wuta a gefe, wanda aka fi sani da shi a Texas. Akwai mai siffar kwalba a tsaye da kwanon ruwa a tsakiya, irin Smokey Mountain na kamfanin Weber. Akwai na yumɓu mai kauri irin Big Green Egg. Akwai kuma mai cin ƙwayoyin garin katako da aka matse, wanda Joe Traeger ya ƙirƙiro a jihar Oregon a shekarun 1980, shi wannan da lantarki yake tura wa kansa makamashi yana riƙe zafin da ka saita. Dukansu manufa ɗaya ce, wuta a gefe ko a can ƙasa, nama nesa da ita, zafi tsakanin digiri 107 zuwa 120 a al'adance.

Ƙamshin yana fitowa ne daga wani sashe na itace da ake kira lignin, wanda idan ya ƙone a hankali yake sakin sinadaran da hanci yake ganewa a matsayin ƙamshin gashi. Itacen da aka zaɓa yana da tasiri ƙwarai. Naman talotalo ba shi da ƙarfin ɗanɗano, yana shan hayaƙi kamar soso, don haka itatuwan 'ya'yan marmari irin tuffa da ceri, ko pikan, su suka fi dacewa da shi. Hikori yana da ƙarfi, a sa kaɗan. Meskit, wanda mutanen Texas suke so a kan naman shanu, yana iya danne talotalo gaba ɗaya har ya yi ɗaci. Itace mai ƙaro irin fain ba a kusantar da shi, haka katakon da aka yi wa fenti ko magani. Kuma hayaƙin da ake nema siriri ne mai ɗan shuɗi wanda da ƙyar ake ganinsa. Farin hayaƙi mai kauri da yake tuƙuƙi alama ce wutar ba ta samun iska, kuma abin da zai bari a kan naman ɗaci ne da ƙauri.

Ga inda nake ganin masu hayaƙi suke kuskure. Dabarar ƙaramar wuta da dogon lokaci an gina ta ne don nama mai tauri, irin ƙirjin sa da haƙarƙari, masu cike da jijiya da kitse, waɗanda sai sun yi awanni da yawa kafin jijiyar ta narke naman ya yi luguf. Ƙirjin talotalo ba shi da abin da zai narke. Duk awar da ya ƙara a kan wuta ruwa kawai yake asara. Fata kuma a zafin digiri 110, cikin murhu rufaffe mai kwanon ruwa, ba ta samun abin da take so. Launi za ta yi mai kyau, ja mai duhu kamar goro, amma idan ka kai baki sai ka ji ta kamar roba. Na farko da na yi, haka ya fito. Awa shida ina tsaye a kansa, naman ya yi ƙamshi har maƙwabta suna leƙowa ta katanga, amma da aka tashi daga cin abinci kowane faranti da fatar a gefe an ture ta. Abin ya dame ni, domin a gashin tsuntsu fata ce rabin daɗin.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya fi batun fata nauyi. Tsakanin digiri 4 da 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa cikin sauri, kuma babban tsuntsu a kan ƙaramar wuta yana daɗewa kafin cikinsa ya fita daga wannan tsakani. Saboda haka ne Ma'aikatar Noma ta ba da shawarar kada talotalon da za a yi wa gashin hayaƙi ɗungum ya wuce laba 12, kuma kada a cusa masa komai a ciki. Mai baƙi da yawa gara ya sayi ƙanana biyu da ya sayi ƙato ɗaya.

Maganin duk wannan ba wuya gare shi ba, a ɗaga wutar. Idan aka riƙe murhun a digiri 150 zuwa 165, aka bar kwanon ruwan babu ruwa, talotalo mai laba 12 zai nuna cikin awa uku ko ƙasa da haka, fatar ta gasu, hayaƙin kuma ya kama, domin nama ya fi shan hayaƙi a farkon gashi lokacin da samansa yake da sanyi da danshi. Wanda ya ƙara da cire ƙashin baya da almakashi ya danne ƙirjin ya baje tsuntsun kamar yadda masu gasa kaza suke yi a bakin titi, ya rage lokacin kuma ya warware rigimar ƙirji da cinya, don cinyoyin suna komawa gefe inda zafi ya fi isa gare su. Wannan kuwa gangar ba za ta iya shi ba, kwandonta tsuntsu a tsaye kawai yake ɗauka.

Wani abu da yake tayar da hankalin wanda bai saba ba shi ne launin naman hayaƙi. Shekarar da gwaggon matata ta zo mana, na yanka cinya na miƙa mata, ta juya ta a faranti ta ga ja-ja a ƙarƙashin fata, sai ta ture. "Ɗan nan, wannan ai da jininsa. Mai da shi wuta." Na ce, "Gwaggo, wallahi ya nuna, hayaƙi ne ya rina shi." Ba ta yarda ba sai da na kawo ma'aunin zafi na soka a gabanta ta ga lambar da idonta. Gaskiyarta ce ta yi shakka, don a girkin da ta sani ja a jikin kaza ɗanye ne. Abin da yake faruwa shi ne iskar da itace da gawayi suke fitarwa tana haɗuwa da sinadarin da yake ba nama launi, sai ta kafe jan a 'yar da'ira ƙarƙashin fata, kuma ko an ƙara awa biyu ba zai gushe ba. Launi ba ya gaya maka nama ya nuna ko bai nuna ba, a hayaƙi ne ko a ganga.

Shi ya sa ma'aunin zafi mai tsinke ya fi kowace na'ura a cikin biyun muhimmanci, ga shi kuma ya fi su araha nesa ba kusa ba. Wuri uku ake sokawa, tsakiyar ƙirji inda ya fi kauri, can cikin cinya, da gindin fiffike, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. Ɗan maɓallin robar nan da yake zuwa a soke a ƙirjin wasu talotalon kanti, wanda yake tasowa wai idan an nuna, ban yarda da shi ba, sau da yawa kafin ya taso ƙirjin ya riga ya bushe. Bayan an sauke a bar tsuntsun ya huta minti ashirin zuwa talatin kafin a sa wuƙa, kuma kada a lulluɓe shi ruf da takardar alminiyom, tururi zai jiƙa fatar da aka sha wahala a kanta.

Sauran aikin tun kafin ranar ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya. Talotalo daskararre yana buƙatar kwana ɗaya a firji ga kowace laba huɗu zuwa biyar, wato mai laba 12 kwana uku ke nan. Idan lokaci ya ƙure a nutsar da shi cikin ruwan sanyi a leda, ana canza ruwan duk rabin awa, a lissafa rabin awa ga kowace laba. Bayan ya saki, a shafe shi da gishiri ciki da waje har ƙarƙashin fatar ƙirji, a ajiye a firji a buɗe kwana ɗaya. Gishirin yana ratsa tsoka ya taimaka mata ta riƙe ruwa, iskar firji kuma ta busar da fata. Sai dai a karanta jikin ledar tukuna, da yawa daga cikin na kanti an riga an yi musu allurar ruwan gishiri, idan ka ƙara sai ya yi yawa. Mu da muke saye wurin mahautan halal yawanci ba ma samun wannan matsala, amma sai an yi odar da wuri, don a makon bikin ƙanana ne suke fara ƙarewa. Kuma gangar da murhun duka na waje ne, nesa da bango da rumfa. Kada sanyi ya sa wani ya ja su cikin gareji, iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Idan aka tambaye ni wanne za a saya, sai na tambayi mutum abin da yake gasawa a sauran watanni goma sha ɗaya. Wanda talotalo kawai ya dame shi, ga baƙi ga yara ga hidima, ba ya son ya kwana yana lissafin gawayi, gangar ta fi masa. Yanayin zafinta ya dace da tsuntsu marar kitse, da wuya ta ba shi kunya, kuma kaji biyu ko cinyar rago suna shiga kwandon su fito da kyau. Wanda kuwa yake jin daɗin zama kusa da wuta, yana gasa haƙarƙari da ƙirjin sa lokacin zafi, murhun hayaƙi zai yi masa aikin da gangar ba za ta taɓa yi ba, da sharaɗin ya manta da ƙa'idar ƙaramar wuta ranar da talotalo ya hau. Char-Broil ma ya fitar da wani samfurin gangar mai ɗan akwatin zuba ɓarɓashin itace a gefe, yana ba da ƙamshi sama-sama, amma bai kai na murhu na gaske ba.

A gidana yanzu ƙanana biyu nake saye. Ɗaya yana shiga ganga saboda yara da masu son fata, ɗayan in baje shi a murhu a digiri 160 da gutsure uku na itacen tuffa. Na gangar ne yake fara ƙarewa a tebur. Na hayaƙin kuma ƙashinsa da ragowar namansa nake ɓoyewa, washegari a tafasa su da albasa da citta da attaruhu a yi farfesu.